Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo: yadda malami zai nemi gyaran ajinsa

Shekarata 19 ina koyarwa a firamaren gwamnati a cikin garin Kaduna, mafi yawan shekarun nan a aji uku. Na zauna gaban masu duba makarantu sau ba adadi, kuma duk ranar da aka ce, "Malamai, mene ne matsalarku?" amsa ɗaya muke bayarwa baki ɗaya: "Ba mu da kayan aiki ko kaɗan." Baƙo ya gyaɗa kai, ya rubuta layi guda a littafinsa, ya shiga mota. Mu kuma mu koma aji mu ci gaba da jan benci daga inda ruwa ke ɗiga.

Gaskiya muke faɗa, sai dai gaskiya ce marar hannun kamawa. Na gane haka a wata shekara da iskar farkon damina ta yaye rufin ajina cikin dare. Bayan kwana uku wani dattijon sufeto ya zo, na tare shi a bakin ƙofa raina a ɓace, ina ta zuba masa ƙorafi. Ya bari na gama, sannan ya ce, "'Yata, kwano nawa ne ya tashi?" Ban sani ba. "Katakon da ke ƙarƙashi fa, ya karye ko yana nan?" Ban duba ba. "Yara nawa ke zama a ɗakin?" Na faɗi na rajista, ya ce ba su yake tambaya ba, waɗanda ke zuwa kullum yake nufi. Sai ya ce, "Idan na koma ofis ni ma tambayata za a yi. Me kike so in ce musu?"

Tun daga ranar na sauya hanya. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na koya daga baya, musamman domin ƙannenmu da suka shigo aikin bayan 2017, lokacin da gwamnatin jiha ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar gwaji ta ɗauki sababbi. Da yawansu sun iya darasi, amma ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu yadda ake neman benci.

Fara da littafi guda

Ka sayi littafin rubutu mai bango mai tauri, ka keɓe shi domin wannan aiki kaɗai. Kada ka haɗa shi da littafin shirin darasi. A shafin farko ka rubuta sunan aji da ranar da ka fara.

Sai ƙirge. Yaran da ke rajista daban, masu zuwa daban. Ka ƙirga masu zuwa kullum har mako biyu, maza da mata kowa da layinsa, da safe sau ɗaya, bayan hutun tara sau ɗaya. Wannan ƙirge na biyu yana da muhimmanci, zan dawo kansa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya da yara 35 a firamare. Ni ajina ya taɓa kai yara 94 a zangon da aka fara ciyar da ɗalibai a jihar nan a 2016, domin yaran da ke gida duk sun fito. Idan ka ajiye 94 kusa da 35 a takarda, ba ka buƙatar ƙarin bayani.

Benci kuma kashi uku za ka raba su: mai lafiya, wanda kafinta zai iya ceta, da wanda ya mutu. Kada ka tsaya daga ƙofa ka yi kiyasi. Ka girgiza kowanne da hannunka, ka kifa shi ka duba ƙafafun, domin gara daga ƙasa take farawa, saman yana nan sumul alhali cikin ya zama gari. Bayan haka ka ƙirga yara nawa ke samun wurin zama da wurin ɗora littafi, nawa ke ƙasa. Ka ari awon tela ko na magini ka auna ɗakin. Nawa mita 7 ne a faɗi, 8 a tsawo, kuma yawancin azuzuwan da na koyar a ciki kusan haka suke.

Rufi sai an yi ruwa ake sanin halinsa. Ranar da ake ruwa, ka ɗauki alli ka zagaye duk inda ke ɗiga a ƙasa, ka ƙirga zagayen, ka zana ɗakin a littafinka ka sa alama. Idan akwai silin, duba inda ya yi baƙi ko ya kumbura. Taga nawa ke rufuwa, nawa babu murfi, ƙofa tana da makulli ko babu, daɓen siminti ya fashe a ina. Littattafai ka ƙirga su darasi-darasi: Hausa nawa, Turanci nawa, Lissafi nawa, kuma nawa ne shafukansu suka cika.

Akwai wani ƙirge da ba kowa ke yi ba, kuma a ganina shi ya fi ratsa zuciyar mai karatu: lokacin da aka rasa. Duk ranar da ruwa ya tashe ku, rubuta ƙarfe nawa aka tsaya, ƙarfe nawa aka koma. Ranar da aka haɗa ajinka da na maƙwabciyarka saboda nata ya cika da ruwa, rubuta. A ƙarshen zango ka tara. "Rufi ya lalace" magana ce da kunnen jami'i ya saba da ita. "Yara 80 sun rasa darasi 23 a zangon nan saboda yoyo" magana ce da zai iya ɗauka ya kai gaba.

Hoto yana taimakawa, gani ya kori ji. Amma ka nemi izinin hedimasta tukuna, kuma ka ɗauka daga bayan aji ko bayan an tashi. Fuskar 'ya'yan mutane amana ce, ba kayan neman tausayi ba ce.

Wanne ne gaba?

A nan malamai muke saɓani, har a ɗakin malamai mukan yi gardama a kai. Ga yadda ni nake jerawa, da dalilina.

Rufi ne farko. Ba don ya fi komai tsada ba, sai don idan ya lalace yana jan sauran. Ruwa ya jiƙa benci ya ruɓe, ya wanke allo, ya cinye littafi, ya bi bango ya tsaga shi. Kwano biyu da aka ƙi bugawa a watan Maris su ne ɗakin da za a rufe gaba ɗaya a watan Agusta. A Kaduna iska mai ƙarfi takan zo da ruwan farko, wajen Afrilu zuwa Mayu, saboda haka Fabrairu da Maris ne lokacin sa wani ya hau ya duba ƙusoshi da katako. Ƙusar da ta ɗago a mayar da ita, katakon da gara ta fara ci a canza, sabo kuma a shafa masa baƙin mai.

Na biyu ban-ɗaki da ruwa. Wannan shi ne dalilin ƙirgen bayan tara da na ambata. Da na fara yin sa, sai na ga kullum ajina yana raguwa da yara bakwai ko takwas bayan hutun tara, kuma galibinsu mata ne. Na kira wata yarinya gefe na ce, "Zo nan, 'yar gidana, ina kike zuwa kullum?" Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta, da ƙyar ta ce, "Malama, bayin ba shi da ƙofa." Gida take tafiya, idan ta je kuma uwa ta aike ta, karatun ranar ya ƙare. Wannan a aji uku ke nan. A aji shida, inda wasu sun fara girma, abin ya fi haka, har yarinya takan yi kwana huɗu ko biyar ba ta zo ba a kowane wata. Malamai mata mu ma muna cikin wannan hali, sai mun roƙi arziki a gidajen maƙwabta. Ƙofar langa-langa da sakata da buta biyu da randa ba su kai kuɗin fentin bango ɗaya ba, amma suna riƙe yara a aji fiye da fenti nesa ba kusa ba.

Na uku allo, sannan wurin zama, sannan littattafai. Wasu abokan aikina sukan sa littafi gaba da benci, kuma ina ganin hujjarsu. Ni dai abin da na lura shi ne yaron da ke rubutu a kan gwiwarsa shekara uku hannunsa ba ya miƙewa, kuma yakan gaji tun kafin a kai rabin darasi.

Katanga kuwa ya danganta da inda makarantarku take. Tun bayan sace ɗalibai a Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun a watan Maris na 2024, babu malamin da zai ce katanga da maigadi ado ne. A cikin gari ma, makarantar da ba ta da katanga takan zama hanyar 'yan acaɓa da rana, matattarar zauna-gari-banza da dare, da safe yara su fara da kwashe ƙazanta kafin su zauna. Idan haka taku take, ka matso da ita sama.

Fenti ne na ƙarshe a wajena. Ina son makaranta mai kyan gani kamar kowa. Amma zuciyata takan yi zafi idan na ga bango yana sheƙi daga titi, ka leƙa ciki ka tarar da yara a ƙasa. Haka kwamfuta a makarantar da ba ta da wuta kuma ba ta da ɗaki mai makulli: a kwali za ta tsufa.

Raba buƙatun gida uku

Kafin ka kai kuka ko'ina, ka zauna da littafinka ka raba abin da ka rubuta: wanda kai da yaranka za ku iya, wanda unguwa za ta iya, da wanda sai gwamnati. Kuskuren da muke yi shi ne mu tattara duka mu ɗora wa gwamnati, daga sakatar ƙofa har sabon gini, sai ƙaramin ya nutse a cikin babban, a rasa duka.

Yana da kyau ka san yadda kuɗin manyan ayyuka ke tafiya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce gwamnatin tarayya ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta domin ilimin matakin farko, hukumar UBEC da ke Abuja ce ke riƙe da shi. Jiha ba ta karɓar kason gine-gine sai ta ajiye nata daidai da shi, sannan hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, ta gabatar da jerin ayyukan da za ta yi da makarantun da za a yi su. Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 23 da firamare sama da 4,000. Mai haɗa jerin nan ba zai taka kowace makaranta ba, takarda yake dubawa. Makarantar da ba ta da takarda a gabansa kamar babu ita ce.

Shi ya sa nake roƙon hedimastoci da malamai su ji tsoron Allah wajen cika fom ɗin ƙidayar makarantu na shekara-shekara. Wani yakan ƙara yawan yara don a ƙara masa kaya, wani yakan rubuta ajin da ya rushe a matsayin mai lafiya don kada a ce bai iya riƙo ba. Dukansu cutar makarantar suke yi. Ka ba hedimasta ainihin abin da ke littafinka lokacin cika fom ɗin.

Ƙofofin da ake bi

Hedimasta ne ƙofar farko, kada ka tsallake shi ko da kana ganin ba ya motsi. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban malamai ba, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da na ƙirga a ajina, na ce in kawo maka ka gani." Ka roƙe shi ya shigar da shi littafin tarihin makaranta. Idan sauran malamai suka ga abin ya yi kyau suka yi nasu, an sami hoton makarantar gaba ɗaya ke nan.

Ƙofa ta biyu kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda muke kira SBMC. A cikinsa akwai wakilin masu sarauta, malaman addini, iyaye maza da mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'ar hannu, hedimasta da wakilin malamai. A jihar nan an horar da kwamitoci da yawa a zamanin shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi, amma a wurare da dama sun koma suna kawai a takarda. Idan naku yana barci, tashe shi ba wuya: ka nemi hedimasta ya kira taro, kuma a yi taron a cikin ajin da ya fi lalacewa, ba a ofis ba.

Mu haka muka yi. Muka zaunar da mai unguwa da liman da shugabar mata a kan bencin yara. Da mai unguwa ya zauna benci ya karkata, sai da aka riƙe shi. Na karanta musu ƙirgena, ban ƙara gishiri ba. Da na zo kan maganar ƙofar bayi, shugabar mata ta dafe ƙirji ta ce, "Malama, jikata tana ajin nan." Wani mai walda da ke aiki a kasuwar Panteka, ɗansa yana aji biyu, ya ce a bar masa ƙofofin. Kafinta ya ce idan aka sayi ƙusa da katako zai gyara bencin da ke gyaruwa ranar Asabar, ba ya son ko sisi. Benci 14 ya tayar daga tarin da muka jingine a bayan aji muna kira matattu.

Abu guda zan ja kunne a kai da ƙarfi: kada ka karɓi kuɗi a hannun yara, kada ka ce kowa ya kawo kaza gobe, kada ka kori yaro don bai kawo ba. Doka ta ce karatun firamare kyauta ne, kuma wannan hanya ta jawo wa malamai da yawa takardar tuhuma. Gudummawa aikin kwamiti ne, na ganin dama ne, su karɓa su rubuta su karanta wa jama'a abin da aka kashe. Hannunka ya tsaya a kan alli.

Abin da ya fi ƙarfin unguwa sai a rubuta wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, shi ke kai wa SUBEB. Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. Sunan makaranta da unguwa da mazaɓa. Buƙata ɗaya ko biyu, ba goma ba. Adadi: ɗaki nawa, kwano nawa, yara nawa abin ya shafa, darasi nawa aka rasa. Sai abin da unguwa ta riga ta yi da kanta, domin jami'i ya fi sakin jiki da mutanen da suka fara taimakon kansu. Hedimasta da shugaban kwamiti su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, a liƙa hoto biyu ko uku. A yi kwafi uku. Wanda ya kai kada ya baro ofis sai an buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin makaranta. Zuwa da kai ya fi aike, kuma ya fi kyau shugaban kwamiti ya je da kansa tare da dattijo ɗaya da mace ɗaya.

Lokaci ma yana da tasiri. Ana haɗa kasafin kuɗin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, don haka wasiƙar da ta isa a Yuni ko Yuli ta fi wadda ta isa a Janairu sa'a. Bayan wata guda a koma a gaishe su a tuna musu, cikin ladabi, da kwafin a hannu. Mu sai a zuwa na huɗu aka turo mai aunawa. Kansila da ɗan majalisar jiha su ma a ba su kwafi, amma kwamiti ya kai, ba kai ba. Kai ma'aikacin gwamnati ne. Idan ka hau Facebook da sunanka kana zagin hukuma, maganar rufi za ta koma maganar ladabtar da kai. Uba yana da bakin da malami ba shi da shi.

Kafin gyara ya zo

Yaran da ke gabanka ba za su jira kasafin kuɗi ba, bana ce shekararsu ta aji uku, ba ta dawowa.

Fara da allo, domin a ajin da babu littafi allo ne littafin kowa. Idan ya koɗe har alli ba ya fita, kuma babu kuɗin fentin allo, ga abin da nake yi. Ranar Alhamis in jiƙa ƙaro a ruwa ya kwana. In sa a daka gawayi lukui a tankaɗe. Ranar Juma'a bayan an tashi in wanke allon, in bari ya sha iska, in kwaɓa garin gawayin da ruwan ƙaron ya yi kaurin koko, in shafa da tsumma daga sama zuwa ƙasa. Idan ya bushe in ƙara shafi na biyu. Litinin da safe in kwantar da alli in goga a duk fuskar allon in share, sannan in fara rubutu. Yakan kai makonni kafin ya nemi sabo. Wasu suna fasa tsohon batir su yi amfani da baƙin cikinsa. Ban yarda da wannan ba, domin yara ne ke share allo, hannun nan kuma da shi za su ci abinci.

Bayan ka yi rubutu, taka zuwa bangon baya ka tsuguna daidai tsayin yaro ka karanta. Yawancinmu ba ma yi. Ranar da na fara, na tarar hasken taga yana dukan gefen allon dama, duk wanda ke layin hagu na baya ba ya ganin komai sai walƙiya. Tsohon zane na rataya a tagar, magana ta ƙare. Harafi kuma ya kai tsayin yatsu huɗu.

Wurin zama idan bai isa ba, a yi karɓa-karɓa. Kowace Litinin layuka su juya, don kada ya zama masu ƙarfi da masu sammako ne kullum a benci, ƙanana da marasa baki kullum a ƙasa. Wanda ka lura yana runtse ido ko yana karkato kunne, wurinsa gaba ne dindindin, kuma ka gaya wa iyayensa. Masu zama a ƙasa a shimfiɗa musu tabarma ko buhu, musamman da hunturu lokacin da siminti ke ɗaukar sanyi, kowa kuma a yanka masa kwali mai kauri ya ɗora littafi a kai. Inda daɓe ya fashe a yayyafa ruwa kafin shara saboda tari. Kuma ko yaya ɗakin ya cika, ka bar siririyar hanya a tsakiya da za ta kai ka bango. Yaron da malami ba ya iya isa gare shi ya duba littafinsa, sunansa ne kawai a aji.

Kayan lissafi kuwa suna nan zube a unguwa. Marfin kwalbar lemo, ƙwallon dabino, tsinken tsintsiya. Tsinken nan na fi so. A yanka su tsawon yatsa, a ɗaure goma-goma da roba. Akwai wani yaro da ya yi zango guda yana kuskuren ɗebewa mai aro. In aka ce 42 a cire 17, sai ya juya ya cire 2 daga 7. Na ajiye masa ɗauri huɗu da tsinke biyu na ce ya ba ni 17. Ya miƙo ɗauri ɗaya, ya tsaya yana kallon tsinke biyun nan, ya kalle ni. Ban ce komai ba. Can sai ya ɗauki ɗauri guda ya zare robar, tsinke suka baje, ya ƙirga bakwai ya ba ni. Ya ɗago kai ya ce, "Malama, ashe aron ke nan!" Daga ranar bai sake juyawa ba. Domin awo kuma, mudu da gwangwanin madara da gorar ruwa mai lita ɗaya da igiya mai tsawon mita sun ishe ka zango guda.

Farin buhun shinkafa idan aka farke shi aka wanke, ya fi kwali ƙarko wajen zanen bango. Ka rubuta baƙaƙe da wasula da alƙalamin maka mai kaurin baki, ka sa kara sama da ƙasa, ka rataya da igiya, in an tashi ka naɗe ka kai ofis. Katin haruffa kuma daga kwalin taliya ko na sabulu. Ka tabbata ka yi na ɓ da ɗ da ƙ da 'y da ts da sh, domin jadawalin da ake sayarwa a kasuwa galibi na Turanci ne, babu su a ciki, yaro kuma ya tashi yana rubuta "kasa" inda yake nufin "ƙasa".

Littafi in kaɗan ne, a raba yara rukuni-rukuni, kowane littafi da lambarsa da mai kula da shi, a yi masa riga da takardar buhun siminti. Ina roƙon shugabannin makarantu su daina kulle littattafai a kabad don tsoron kada su yage kafin masu bincike su zo. Na taɓa ganin an buɗe kabad bayan shekara biyu, gara ta gama da rabi, yaro ko ɗaya bai taɓa su ba. Littafin da ya yage a hannun yaro ya yi aikinsa.

Sai dai kada dabarar nan ta sa ka goge komai daga littafin ƙirgenka. Marfin lemo ba ya maye littafin lissafi, buhu ba benci ba ne. Na ga baƙon da ya shigo aji ya ga zane-zane a bango ya yaba, ya rubuta cewa aji yana da kayan aiki. Ka karɓi yabon, sannan ka buɗe masa shafin.

Ranar da ɗan kwangila ya iso

Murna kada ta rufe maka ido. Shugaban kwamiti ya nemi sanin abin da aka ba shi ya yi: ɗaki nawa, rufi kaɗai ko har da silin da daɓe, benci nawa. A sa magini ko kafintan unguwa ya riƙa leƙawa, su suka san katakon da bai bushe ba da simintin da yashi ya yi wa yawa. Benci in an kawo a ƙirga a gaban mai kawowa, a zauna a kai, a girgiza, kafin hedimasta ya sa hannu. A rubuta sunan makaranta da lamba da fenti a jikin kowanne, kuma a daina ba da aronsu zuwa gidan biki ko zaman makoki, domin goma ke fita, bakwai ke dawowa.

Littafina na yanzu shi ne na biyar. A shafin zangon nan an rubuta yara 71 masu zuwa, benci 19 masu lafiya, uku na jiran kafinta, yara 14 a tabarma. Yoyo wuri biyu, duka a kusurwar gabas. Littafin Hausa 16, na Lissafi 11. Famfon tuƙa-tuƙa ya tsaya tun makon jiya, mai gyara ya ce roba ce ta cinye, shugaban kwamiti zai zo da shi ranar Asabar da hantsi.